Daga Ina Ruwan Yake Fitowa?

Ɗan'uwa mai karatu, yau da faɗa na zo, amma ba da kai ba. Faɗana da wata magana ne da ake gaya mana tun muna yara. Wai in ka ga abin al'ajabi ka kama bakinka. Wai tambaya rashin imani ce. Ni ban yarda ba. Ka daure ka karanta, ko da kaɗan-kaɗan ne, ka ji dalilina. Labaran da zan ba ka duk sun faru, da wurarensu da shekarunsu.

A ƙasar Indiya akwai babban birni mai suna Mumbai, wanda a dā ake kira Bombai. A wata unguwa, kusa da wata coci, akwai gicciye. A jikinsa akwai siffar da Kirista suka sassaƙa, suna ce mata siffar Annabi Isa. A watan Maris na 2012 sai aka ga ruwa yana ɗiga daga ƙafafun siffar. Ga shi kuwa rani ne, babu hadari ko kaɗan. Kafin ka ce me, labari ya bazu. Mutane suka yi ta zuwa, ana addu'a, ana tarar ruwan a kwalabe. Wasu suka shafa. Wasu suka sha. Wasu suka kai gida don marasa lafiya.

Sai wani gidan telebijin ya kira wani mutum mai suna Sanal Edamaruku. Shi aikinsa ke nan, bin diddigin irin waɗannan abubuwa. Da ya zo bai tsaya kallon ƙafafun ba. Ya zaga baya. Ya ga bangon da ke kusa yana da laima. Ya bi laimar har ya kai ga wata magudanar ruwa da ta toshe, wadda ta fito daga makewayi. Ruwan ƙazanta ne ya taru, bango ya tsotse shi, ya hau sama, ya bi ta jikin gicciyen, ya ɗigo.

Za ka ce, ruwa yana hawa sama? Yana hawa mana. Dubi fitilarka. Kananzir yana ƙasa, wuta tana sama. Wa ya kai shi? Lagwani ne ya tsotse shi. Dubi gindin katangarka da damina. Laima takan hau kamu ɗaya ko biyu, alhali ba wanda ya watsa mata ruwa. Abin da ya faru a Mumbai ke nan, ba ƙari.

To, me kake tsammani aka yi wa mutumin nan? Ya hana mutane shan ruwan salga. Ai godiya ta kamace shi. Amma wasu ƙungiyoyi suka kai ƙararsa wajen ƴan sanda, suka ce maganganun da ya yi a telebijin cin mutuncin addini ne. Laifin da hukuncinsa yakan kai shekara uku a kurkuku. A cikin shekarar nan ya bar ƙasarsa, ya tafi Finlan, can ƙasar sanyi. Don a yi adalci, manyan cocin sun ce su ba su taɓa cewa mu'ujiza ba ce. Na ji. Amma da bai zaga bayan bangon ba, kwana nawa za a yi ana ba yara ruwan nan?

Ka riƙe wannan tambaya tasa: daga ina ruwan yake fitowa? Ita ce duk abin da nake son in sayar maka yau, kuma kyauta.

Bari mu koma baya, zuwa ƙasar Italiya. A shekarar 1819, a wani ƙauye kusa da birnin Paduwa, wani manomi ya tashi ya tarar tuwon masararsa da ya kwana ya yi ja ɗigo-ɗigo, kamar an yayyafa masa jini. Aka zubar, aka tuƙa wani. Shi ma ya yi ja. Abin ya shiga gidajen maƙwabta. Hankalin mutane ya tashi. Wasu suka ce aikin shaiɗan ne. Wasu suka ce fushin Allah ne ya sauka a kan masu zunubi.

Akwai wani saurayi mai koyon haɗa magani, sunansa Bartolomeyo Biziyo. Shi bai gudu ba, bai kuma yi gardama da baki ba. Ya ɗauki tuwo mai kyau, ya ajiye shi inda akwai ɗumi da laima. Ba a jima ba ya yi ja. Ya gane wani abu ne mai rai, ƙanƙane ƙwarai, yake tsiro a kan tuwon, kuma yana bin hannu da kwano daga gida zuwa gida. A 1823 ya sa masa suna Serratia marcescens. Yau kowane likita ya san shi. Ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani sai da madubin likita. Tana son abinci mai gari, tana son zafi da danshi. In ta yi yawa sai ta fitar da launi ja. Mai yiwuwa ke, ƴar'uwa, kin taɓa ganin ja-ja a kan sauran tuwo ko burodi da damina. Ki zubar da shi, ki wanke kwanon da sabulu. Ba jifa aka yi miki ba.

Me ya sa na daɗe a kan tuwo? Saboda jan nan ya daɗe yana ruɗa mutane kafin Biziyo. Kirista suna da wani ɗan burodi da suke tsarkakewa wajen ibadarsu. A 1263, a garin Bolsena, nan Italiya, aka ce wani limaminsu ya ga burodin yana zubar da jini. Ƙyallen da jan ya taɓa yana ajiye har yau a babbar cocin garin Orbiyeto. Masu bincike da yawa suna ganin wannan ƙwayar ce, don sun shuka ta a kan irin burodin nan, ya fito kamar mai jini.

In da abin ya tsaya nan, da ban damu ba. Kowa da abin da yake girmamawa. Amma da zarar mutane sun yarda burodi yana jini, sai aka soma neman wanda ya ji masa rauni. A garuruwan Turai da yawa aka ɗora wa Yahudawa, don su ne marasa rinjaye, ba su da mai tsaya musu. Aka ce sun saci burodin sun soke shi da wuƙa har ya yi jini. A 1370 aka ƙone wasunsu a birnin Burusal. A 1510 aka ƙone 38 a birnin Balin. Mutane masu ƴaƴa, masu sana'a. Burodi ba shi da jijiya, ba shi da jini, kowace mai tuya ta san haka. Amma ba a samu mai ƙarfin halin da zai faɗa ba.

Kada ka ce wannan halin Turawa ne. Ka tuna da tsohuwar da ake ce wa mayya a ƙauye in yaro ya kwanta da zazzaɓi. Ita ma ba ta da mai tsaya mata. Sauro ya yi cizo, tsohuwa ta sha duka. Wanda ya ce tambaya ba ta da amfani, ya je ya gaya wa tsohuwar nan.

Ga wani kuma. A birnin Turin, nan Italiya dai, akwai wani dogon ƙyalle, tsawonsa ya ɗara mita 4. A jikinsa akwai inuwar mutum, gaba da baya, da alamun rauni. Mutane da yawa sun gaskata shi ne likkafanin Annabi Isa. Ka san Kirista suna cewa an kashe shi a kan gicciye an sa shi a kabari, Musulmi kuwa ba su ce haka ba. Wannan ba ita ce gardamata ta yau ba. Tambayata ƙarama ce: ƙyallen nan, shekararsa nawa?

An fara jin labarinsa ne wajen 1355, a wani ƙauyen Faransa mai suna Lire. Wato fiye da shekara 1300 bayan zamanin Annabi Isa. Ina yake duk tsawon lokacin nan? Masu ziyara suka yi ta kwarara, kuma ka san mai ziyara ba ya zuwa hannu sake. Wanda ya ɗaga murya ba kafiri ba ne. Babban limamin yankin ne, wanda suke kira bishop, sunansa Piyer Darsi. A 1389 ya rubuta takarda zuwa ga Fafaroma. Ya ce wani bishop da ya riga shi ya bincika, har ya gano mai zanen da ya yi aikin, kuma mai zanen ya amsa. Duk da haka aka ci gaba da ziyara shekara ɗari shida.

A 1988 cocin da kanta ta yarda a yanki ɗan guntu a auna. Aka raba wa wuraren bincike uku, ɗaya a Ingila, ɗaya a Suwis, ɗaya a Amurka. Yaya ake auna shekarun ƙyalle? Ka ɗauki misalin randa mai yoyo. In ka san cikarta, ka kuma san yawan abin da take zubarwa kowace rana, to in ka leƙa ka ga sauran ruwan, ka san kwana nawa da cika ta. Haka tsiro yake. Muddin yana raye yana shaƙar wani sinadari daga iska. Ranar da aka yanke shi sai sinadarin ya soma raguwa a hankali, da ma'auni sananne. Zare kuwa daga tsiro yake. Wuraren nan uku suka auna, kowa da nasa, amsarsu ta zo ɗaya: an yanke tsiron tsakanin 1260 da 1390. Daidai zamanin da aka fara ganin ƙyallen. Babban limamin Turin da bakinsa ya sanar da duniya. Har yau akwai masu cewa a sake awo. To, a sake. Mai neman a sake awo ai ya yarda da mudu. Wanda nake tsoro shi ne mai ɓoye mudun.

A labaran nan uku, yawancin mutanen ba maƙaryata ba ne. Sun ga abu ne ba su san dalilinsa ba. Amma akwai masu yi da gangan, kuma su ne suka fi ƙin tambaya.

A Amurka an yi wani mai wa'azi, Pita Popof. Yakan tsaya gaban dubban mutane ya kira sunan wata mata, ya faɗi unguwarsu, ya faɗi ciwonta. Wai daga sama ake gaya masa. Kuɗi suka yi ta zuba. A 1986 wani mai suna Jems Randi, wanda shi kansa tsohon mai wasan rufa-ido ne, ya sa aka shiga taron da na'urar kama muryar rediyo. Sai ga muryar matar Popof. Ashe kafin a fara taro akan ba mutane takarda su rubuta sunansu da damuwarsu. Ita kuma tana ɓoye tana karanta masa, yana ji ta wata ƴar rediyo da ya cusa a kunne. Asiri ya tonu, a 1987 ya karye. Ka ce ya tuba? Bayan wasu shekaru ya dawo telebijin yana tallan ruwan mu'ujiza, kuma ya sake samun masu aika masa kuɗi. Wannan ya fi ba ni haushi a kan na farkon.

Me ya sa muke faɗawa? Ba don mu wawaye ba ne. Wanda ɗansa ke kwance, ko hatsinsa ya ƙare tun kafin shuka, ko igiya aka miƙa masa zai kama, bai tsaya duba ko maciji ba ne. Sannan cututtuka da yawa sukan tafi da kansu. Mura takan wuce, ciwon baya yakan lafa ya dawo. In ka sha wani abu ranar da ciwon ke shirin tafiya, sai ka ce shi ne ya warkar da kai. Wanda ya warke yakan zaga kasuwa yana ba da labari. Wanda bai warke ba yana ɗaki, ko yana kushewa, ba a jin tasa. Labari kuma in ya bi baki goma, akuya takan zama raƙumi.

Su kansu manyan Katolika sun san haka. A garin Lurdu na Faransa akwai wani marmaro da miliyoyin mutane ke zuwa neman waraka tun 1858. Cocin ta kafa ofishin likitoci, duk wanda ya ce ya warke sai an bincike shi, wani har shekaru. Fiye da mutum 7000 sun kawo labarinsu. Waɗanda cocin ta amince da su ba su kai 80 ba. In masu wurin suna tankaɗe da rairaya haka, kai me zai sa ka haɗiye kowane labari da tsakuwarsa?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, kai malam, so kake ka raba mu da ikon Allah? A'a. Ban zo in taɓa imanin kowa ba, Musulmi ko Kirista. Lagwani da ke jan kananzir, shi ba cikin ikon Allah yake ba? Ƙwayar da ido ba ya gani, wa ya halicce ta? Ka tambayi malamin garinku abin da ya faru ranar da Ibrahim, ɗan Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu. Rana ta yi kusufi a ranar. Mutane suka ce don rasuwar yaron ne. Annabi da kansa ya gyara musu, ya nuna musu rana da wata ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ka duba fa. Yana cikin baƙin ciki, ga abin al'ajabi an miƙo masa a hannu, ya ƙi karɓa don ba gaskiya ba ne. To, wane ne wannan da zai ce maka gyara irin wannan kuskure rashin imani ne?

Tunda mun zo kan kusufi, ga labarin da ya fi shafarka, kai da ka shiga karatun manya. A 1503 wani matuƙin jirgin ruwa, Kiristofa Kolombus, ya maƙale da mutanensa a tsibirin Jamaika. Jiragensu sun ruɓe. Mutanen tsibirin suka yi ta ciyar da su wata da watanni. Baƙin nan kuwa ba su da kirki, suna cuta, suna ƙwace. Masu gida suka gaji, suka janye abinci. Kolombus yana da wani littafi na masana taurari, mai lissafin ranakun da wata zai yi husufi. Ya duba ya ga ranar 29 ga Fabrairu 1504. Sai ya tara shugabannin tsibirin ya ce musu Ubangijinsa ya yi fushi da su, kuma alama ita ce zai ɓata musu wata. Daren ya zo, wata ya fito, ya dushe, ya yi ja. Mutane suka ruɗe, suka zo da abinci a guje suna roƙo. Ya shiga ɗakinsa wai zai yi musu addu'a. Lokaci yake aunawa. Da ya ga husufin ya kusa ƙarewa, ya fito ya ce an yafe musu. Wata ya washe. Suka ci gaba da ciyar da shi har aka zo aka kwashe su.

Mutanen nan sun fi shi sanin teku da daji da noman ƙasarsu. Abu ɗaya ya fi su: yana iya karanta abin da ke cikin littafin, su ba sa iyawa. Da shafi ɗaya ya kwashe musu rumbu. Husufin wata ba kome ba ne illa inuwar duniyarmu da ke faɗa wa wata, in duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Kusufin rana kuwa, wata ne ke gittawa ya tare ta. Tafiyarsu tana da ƙa'ida, shi ya sa ake lissafa ta tun shekaru kafin ta zo. Manyanmu da yawa sun ga na ranar 29 ga Maris 2006, da inuwar ta bi ta Gana da Togo da Benin da Najeriya, ta ratsa Nijar, ta wuce Cadi da Libiya. An sanar a rediyo tun kafin ranar, har da sa'ar. Ba boka ne ya faɗa ba.

Irin Kolombus ba su ƙare ba. Suna zuwa ranar kasuwa. Wani ya ce kawo jika biyar ya mayar maka jika hamsin. Ka tambaye shi: in kana iya haka, me ya sa takalminka ya tsinke? Wani ya ce ya ciro maka allura ko ƙashi daga ciki. Ka ce ya naɗe hannun riga, ya buɗe tafinsa da bakinsa kafin ya fara. Wani ya san sunan mahaifiyarka da ciwon da ke damunka. Ka tuna wa ka gaya wa a tasha, wa kuma ya zauna kusa da kai a mota. In an ce wani itace yana zubar da ruwa mai warkarwa, ka zaga bayansa, ka ɗaga kai ka duba rassansa, ka duba abin da ke kusa. In ya zama dole a sha, a tafasa. Mai gaskiya ba ya jin zafin a duba. Wanda ya daka maka tsawa don ka yi tambaya, ka lura da aljihun da kuɗin ke shiga.

Ni ma kada ka yarda da ni haka kawai. Ga abin da za ka gwada ni da shi. Ɗauki alƙalaminka ka rubuta a bangon littafinka: Litinin, 2 ga Agusta 2027. Masana sun lissafa rana za ta yi kusufi a wannan ranar. Duhu sosai zai bi ta Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, har Makka. Mu nan Nijar wani ɓangare na ranar ne zai rufu, da hantsi. Damina ce, in hadari ya rufe sama sai ka kunna rediyo ka ji na sauran ƙasashe. In gari ya yi garau, kada ka kalli ranar da ido, kada ka bar yara su kalla, tana ƙona ido ko da rabinta a rufe yake. Ka huda takarda da allura, ka juya wa rana baya, ka bar hasken ya bi ta hudar ya sauka a kan wata farar takarda. Za ka ga ranar ƙarama, da gefenta a gutsure.